Azumin Ƙanƙara da Takardar Belgawa

Ranar da muka ɗauki azumin bana ina tashar bas ta cikin gari, ina jiran lokacin tashi ya cika, sai wata dattijuwa ta hau da toka a goshinta. Na dube ta sau biyu. Ashe Kiristoci ma a ranar suka fara nasu. A waje ana yayyafi mai sanyi, irin wanda ke daskarewa a gilashin mota kafin ya gangaro. Na yi lissafi a zuci: azumi yakan koma lokacin da ya baro bayan shekara talatin da uku. Ke nan na sake isowa wancan azumin da na daɗe ba na son tunawa.

A lokacin ni ba direban bas ba ne. Malamin tarihi ne da ya bar makarantar sakandare a ƙasar Katsina ya zo Greensboro ta ƙasar Amurka yin digiri na biyu. Ina zaune a unguwar Glenwood, a wani ƙaramin gidan katako na Mama Saratu, 'yar Zonkwa, Katolika, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi. Ɗaki ɗaya ta ba mu haya, ni da Nasiru.

Nasiru abokina ne tun muna kwalejin horon malamai. Shekara guda kafin mu taso ya auri ƙanwata Hansatu, kuma ni na tsaya masa a wajen Baba. Daga ranar ya daina kiran sunana ya koma ce mini Yaya. Da farko da wasa yake yi, daga baya ya zauna a bakinsa. A hutun da ya gabata ya samu ya je gida, ya dawo ya bar Hansatu da ciki.

Sashe ɗaya muke a jami'a. Shi yana fama da wani bincike kan cinikin auduga wanda ya ƙi ci gaba. Ni kuwa na faɗa cikin wasu mutane da ba wanda ya taɓa jin sunansu a garinmu. Turawa na kiransu Belgae, ni na sa musu Belgawa. Ƙabilu ne da suka zauna a arewacin ƙasar Faransa ta yau da Beljiyam, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, manoma da mayaƙa. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, a can na yi firamare, shi ya sa nake karanta Faransanci, kuma yawancin abin da aka rubuta a kansu da shi aka rubuta. Farfesar da ke duba mu, wata farar tsohuwa mai shan shayi ba sukari, ita ta fara tura ni wajensu. Na shiga ban fito ba.

Tallafin karatunmu duka biyu zai ƙare a ƙarshen zangon. Sashen yana da gurbi ɗaya na shekara mai zuwa, kuma za a bayar ne ga wanda takardarsa ta fi. Mun san da haka. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba.

Azumin ya zo da sanyin da ban taɓa gani ba. A gida ƙishirwa ke wahalar da mai azumi. Nan kuwa ba ka tuna ruwa, yunwa ce ke cin ka tun hantsi, don sanyi yana ƙone abin da ka ci da sahur kafin ka isa bakin titi. Alwala da ruwan famfo sai ka ji haƙoranka sun amsa. Kwana huɗu a mako ina wanke kwanoni a wani gidan abinci a High Point Road, titin da yanzu ake ce wa Gate City. In fito daga ruwan zafi in shiga iska, har yatsuna suka tsattsage, biro ma da ƙyar nake riƙewa.

Yau a wannan titin za ka sayi gero da daddawa da dabino, har da fura a firji. A wancan lokaci babu ko ɗaya. Garin masarar Turawa muke tuƙa tuwo da shi, ya fito fari fat, ba ya kama ciki. Kunu kuwa da alkamar da suke ci da safe muke damawa, mu matsa lemun tsami a madadin tsamiya. Abin da ya cece mu shi ne lambun Mama Saratu. Da zafi takan shuka kuɓewa da yakuwa a bayan gida, ta shanya a kan tsohon labule, ta ɗura a kwalabe. Ita ma tana nata azumin, ta bar nama, ta koma ci sau ɗaya. Sai ta ce ba ta ga amfanin hura wuta sau biyu a gida ɗaya ba, ta mayar da cin nata lokacin shan ruwanmu.

Aiki a rabe yake. Nasiru ke dama kunu, don hannunsa ba ya gudaji. Ni ke tuƙin tuwo. Miya ta Mama ce, ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya. Babu kiran salla, sai wata takarda da aka buga lokuta a kai, mun manna ta a jikin firji. Mama ce ke duba agogo ta ce, "To, 'ya'yana, ku sha, rana ta faɗi." Mu yi bismilla, ita ta yi alamar gicciye, mu sa hannu.

A makon farko wani ɗan Funtuwa da ya dawo daga gida ya kawo mana kaset ɗin Hansatu. Haka ake aiko saƙo a lokacin, don ba ta iya dogon rubutu ba. Muka sa bayan shan ruwa. Ta gaida mijinta cikin kunya, ta ba da labarin Inna da awaki da wanda ya rasu a unguwa. Can ƙarshe ta ce, "Yaya, ga amanar mijina nan a hannunka. Ka san shi da zurfin ciki, ko yana cikin damuwa ba zai faɗa ba. Ka kula mini da shi." Nasiru ya sunkuyar da kai yana murmushi. Mama ta sa aka maimaita mata wurin sau biyu.

Wajen sha biyu ga wata aka yi ruwan ƙanƙara. Ba dusar nan mai laushi ba, ruwa ne sosai, amma duk abin da ya taɓa sai ya daskare a kai. Gari ya waye kowane reshe da kowace wayar lantarki sun zama gilashi. Da hantsi rassan suka fara karyewa, kana jin ƙarar daga nesa kamar harbi. Wuta ta ɗauke. Kwana huɗu ba lantarki, ba hita, ba bas, ba makaranta, ba wurin aiki.

Mama ta fito da wani tsohon risho daga ƙarƙashin bene. Muka toshe ƙasan ƙofofi da tawul, muka tattara a falo, kowa da bargonsa. Numfashinmu na fita kamar hayaƙi. Abincin da ke gidan shinkafa ce da wake da kabeji guda, sai muka koma auna su da kofin shayi. Wuni ya yi tsawo, ba abin yi. Rana ta biyu Mama ta ce, "Lawal, waɗannan mutanen naka da kake kwana kana tashi da su, ba mu labarinsu mana, ko yunwar ta manta da mu."

Na ba su. Na ce Belgawa ba su bar rubutu ba, abin da aka sani a kansu daga bakin wanda ya ci su da yaƙi ne, sai abin da masu tono suka samo a ƙasa. Da suka ji rundunar Rum ta matso, ƙabilun suka haɗa kai, suka tara mayaƙa masu yawan gaske. Ƙabila ɗaya, Remi, ta ƙi shiga. Ta aika wa janar ɗin Rum cewa tana tare da shi, ta faɗa masa yawan 'yan'uwanta da shirinsu, ta kuma ciyar da sojojinsa. Aka yi cirko-cirko a bakin wani kogi. Belgawa suka kasa ƙetarewa, abinci ya fara yanke musu, ga labari cewa an nufi ƙasar wasunsu ta baya. Sai suka yanke shawara kowa ya koma garinsu. Suka watse, dawakin Rum suka bi su suna sara, daga baya aka bi ƙabilun ɗaya bayan ɗaya.

Mama ta ce, "Tsoro suka ji ke nan."

Na ce a'a, kuma nan takardata take. Littattafai da yawa sun ɗauki abin a matsayin rashin tsari na mutanen daji. Ni ɗan manomi ne. Na duba lokacin da aka yi yaƙin, na ga ya faɗo kafin girbi, lokacin da hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Mun san wannan lokacin a gida, tsakiyar damina, gona kore shar, rumbu kuwa sai ka shiga da tsintsiya. Wanda ya fito yaƙi a irin wannan lokaci guzurinsa daga bakin 'ya'yansa ya ɗebo shi. Ba zai iya zaman jira a bakin kogi ba. Sojan Rum kuwa ba shi da gona, aikinsa ke nan, kuma ga Remi na auno masa. Na bi rahotannin masu tono na Faransa a kan ramukan da suke ajiye hatsi, na jera hujjojina, wata bakwai ina yi.

Mama ta yi tsaki ta ce, "Waɗannan Remi ɗin ba su kyauta ba."

Nasiru ya ce, "Mama, su ma fa suna da 'ya'ya. Sun duba sun ga inda abin zai ƙare."

Muka yi ta musu har rana ta faɗi, muna dariya. A kwanakin nan ya yi mini tambayoyi masu kyau, irin waɗanda ba wanda ya taɓa yi mini. Ina ka samo wannan? In aka ce maka kaza, me za ka ce? Na ji daɗi ƙwarai. Na ɗauko littattafan rubutuna uku na buɗe masa komai.

Da wuta ta dawo saura kwana shida a rufe karɓar takardu, kuma dole a buga su da na'ura. Ni da yatsa biyu nake bugu, su ma ga su a fashe, ga gidan abincin sun ƙara mini kwanaki don cike na ƙanƙara. Nasiru ya ce, "Yaya, kawo in buga maka a ɗakin kwamfuta. Tawa ba za ta kammalu ba, na haƙura. In na gama in miƙa maka a ofis." Na rungume shi. Na tuna har na ce masa in na samu gurbin, tare za mu ci shi.

Ranar ashirin da shida ga wata Farfesa ta aiko in zo. Ƙanƙara ta narke, ko'ina caɓi, takalmina ya jiƙe kafin in isa. Ta nuna mini kujera, ta ce ta yi mamaki da ban miƙa komai ba. Kafin in buɗe baki ta turo mini wasu takardu a kan tebur. Ta ce in karanta wannan, ɗan ƙasarku ne ya rubuta, ya ce hirarrakin da kuke yi ne suka ja hankalinsa ga batun. Ta ce abin da nake ta kewaye-kewaye a kai wata da watanni, shi ya kama shi a hannu.

Na duba shafin farko. Taken nawa ne. Sunan kuwa na Nasiru ne. Na buɗe shafi na huɗu na ga rumbun kakana, wanda na kawo misali da shi, ya zama rumbun kakansa.

Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce azumi nake yi. Ta ce in je in huta.

Na taka har gida, ban jira bas ba. Na same shi a kicin yana dama kunu, ya juya mini baya. Na kira sunansa. Bai juyo ba, amma hannunsa ya tsaya.

Na ce, "Daga ofishin Farfesa nake."

Ya sauke tukunyar a hankali. Ya ce, "Yaya, gurbin ɗaya ne."

"Na sani."

"Kai kana da ƙwaƙwalwa, ko yaushe za ka rubuta wata. Ni in na rasa wannan, gida zan koma hannu biyu. Ka san halin da Hansatu ke ciki."

"Ka tambaye ni?"

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce, "Da na tambaye ka, za ka ba ni?"

Na yi shekaru ina juya wannan tambaya, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ina ganin da na ba shi. Da na yi kwana biyu ina fushi, sannan in ce ɗauki, mu sa sunanmu tare ko ka sa naka. Bai ba ni wannan damar ba. Ya zauna kusa da ni a cikin bargo, yana yi mini tambayoyi, yana auna ni.

Mama ta dawo daga aiki ta tarar da mu tsaye. Da ta ji abin da ya faru ba ta yi masa magana ba, ni ta ja zuwa falo. Ta ce, "Littattafan rubutunka suna ina?" Na ce suna jakarsa. Ta shiga ɗakinmu da kanta ta ɗauko su ta dire mini a cinya. Ta ce, "Gobe zan saka kayan coci in raka ka. A gabana ka rubuta wannan abu, a kan teburina. Zan faɗa wa matar nan da bakina."

Na san abin da zai biyo baya. A makarantun nan ba a wasa da satar rubutu. Za su kore shi, takardar zamansa ta mutu, a sa shi a jirgi. Labari zai riga shi isa gida, a ce wan matarsa ne ya tona shi a ƙasar Turawa. Hansatu na wata takwas.

Na ce, "Mama, bari."

Ta ce, "Lawal, kai fa za a kora a madadinsa."

Na ce na sani.

Sannan ta duba agogo ta ce, rana ta faɗi. A ranar ba wanda ya sha kunun. Na sha ruwan famfo, na ci tuwon jiya da sanyinsa a tsaye.

Sauran kwanakin azumin a ɗaki ɗaya muka yi su, gadonsa na kallon nawa. Mama ta daina zuba masa miya, sai ni nake raba tawa biyu in tura masa, ban san dalili ba, wataƙila saboda kaset ɗin. Ranar salla muka yi idi a wani zauren haya tare da Larabawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen Amurka. Da aka sallame kowa ya juya yana rungumar na kusa da shi. Shi ne na kusa da ni. Ya buɗe hannu, na ba shi kafaɗa, don mutane na kallo.

Ya samu gurbin. Ni zangon na ƙarewa na bar makaranta. Shekarun da suka biyo baya ba na son dogon bayani a kansu: wankin kwanoni, ɗaukar kaya a masaƙa, tasi, da fargabar duk wani ɗan sanda da ya tsaya a bayana, har Allah ya sa takarduna suka daidaita na samu aikin bas. Hansatu ta haifi mace. Duk lokacin da abin ya taso mini sai in ce, ai ga abin da na saya da shirun nan, yarinyar za ta tashi da uba, kuma zai ɗauko su.

Bayan shekara ɗaya da rabi ya koma wata jiha a arewa yin digiri na uku. Daga can ya aika wa Baba wasiƙa, da takardar sakin Hansatu a ciki. Ya ce rayuwar nan ba za ta dace da ita ba. Bai kira ni ba, a bakin Inna na ji. Yarinyar ba ta taɓa ganinsa ba sai a hoto.

Na so a lokacin in ɗauki littattafan nan uku in tafi makarantar. Mama ta ce har yanzu a shirye take. Amma Farfesa ta riga ta yi ritaya, ni kuma ba ɗalibi ba ne, mutum ne da ba shi da takardar zama. Wa zai saurare ni? Daga baya wani ya nuna mini inda aka buga takardar. A ƙasan shafin farko, da ƙananan haruffa, ya gode wa wani abokinsa Lawal da ya taimaka masa da fassarar Faransanci.

Mama Saratu ta rasu shekara tara da suka wuce, mu muka ɗauki akwatinta tare da mutanen cocinsu. Ita kaɗai ta san maganar. Matata ba ta sani ba, 'ya'yana ma haka. Abin da suka sani shi ne Baba na da wata ɗabi'a, in ya samu hutu sai ya tafi laburaren cikin gari ya aro littafi a kan wasu mutanen da suka mutu tuntuni. Har yanzu ina karanta Belgawa. Ban sake rubuta ko layi ɗaya a kansu ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, ina hutun rana a tasha, saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Hoton furanni ne da jinjirin wata, da rubutu a kai: albarkacin wannan wata, duk wanda na ɓata wa ya yafe mini. A ƙasa an sa Farfesa Nasiru. A saman saƙon akwai 'yar alamar nan da ke nuna turowa aka yi daga wani wuri. Bai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba. Bai rubuta Yaya ba, bai rubuta Lawal ba.

Na kira Hansatu. Su can sun riga sun sha ruwa, ina jin ƙarar kwanuka da hayaniyar jikokinta. Ta sake aure tun tuni, ta yi dace da mutumin kirki. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, ka san wa ya turo mini saƙo yau?"

Na ce, "Ni ma ya turo mini."

Ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Tsufa ya fara taɓa shi ke nan. Ni dai na yafe masa tun shekarun baya, ban iya ɗaukar kaya ba. Amma ai ni ya cuta. Kai da ka riƙe shi kamar ɗan'uwanka na ciki ɗaya, me ya yi maka da zai nemi yafiyarka?"

Fasinjoji sun fara taruwa a bakin ƙofar bas. Na buɗe baki zan faɗa mata maganar da na ɓoye shekara talatin da uku. Sai na tuna in na faɗa, za ta san saboda ita na yi shiru, ta ɗauki wannan ta kwana da shi har ƙarshen ranta.

Na ce, "Babu komai, Hansatu. Bai yi mini komai ba."

Da azumi a bakina na faɗi haka.